Idon Talaka Da Binciken Masana A Ƙasar Jama'a

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta ratsa ƙasar Kagoma zuwa Kwoi, abin da zai fi gani shi ne gonakin citta da na doya. Ba lalle ne ya san cewa a ƙarƙashin ƙasar wannan yanki aka tono wani muhimmin ɓangare na tarihin Nijeriya ba, balle ya san cewa waɗanda suka fara tono shi leburorin kuza ne.

A cikin shekarar 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba mai maƙwabtaka da Kagoma. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san darajarsa. Sai wajen 1943 aka sake tono wani kan kusa da Jama'a. Wani ma'aikacin kuza ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya, ya mai da shi mutum-mutumin korar tsuntsaye, har ya yi kamar shekara guda yana wannan aiki. Daga baya kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki a Jos wanda ya karanci ilmin tone-tonen kayan tarihi. Da ya kwatanta shi da na Nok, sai ya ga hannu ɗaya ne.

Fagg mutum ɗaya ne, ramukan kuza kuwa ba su ƙirguwa. Saboda haka ya bi ma'aikata yana roƙonsu da su riƙa lura, duk wanda ya ga irin wannan abu ya kawo labari. Da taimakonsu aka tara kayan da suka nuna cewa an yi wata al'umma a nan mai gwanintar ginin yumɓu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Irin wannan aiki, watau mutanen gari su zama idanu da kunnuwan masana ba don albashi ba, shi ne yau duniya ta ɗauka da muhimmanci.

Amma fa tsintuwa kaɗai ba ta isa ba. Abin da masani ya fi bukata shi ne a ce masa ga inda aka sami abu, ga zurfinsa, ga abin da ke kewaye da shi. Gawayi da ƙonannun ƙwayoyin hatsi da ke cikin ramin su ake aunawa a gane shekaru. Ta haka masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, waɗanda suka soma aiki a yankin cikin 2005 tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka tabbatar cewa mutanen Nok sun noma gero da wake. Sai dai wurare da yawa sun tarar an riga an birkice su, domin a shekarun 1990 'yan fasa-ƙwauri sun sa an yi ta haƙa ana fita da kayan zuwa Turai. Wanda ya tono ya sayar ya sami na cefane, amma labarin da ke cikin ramin ya tafi ke nan har abada.

Tsuntsayen da kan Jama'a ya yi gadinsu, su ma yanzu ƙirga su ake yi. A watan Disamba na 2015 Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A.P. Leventis, da ke Laminga kusa da Jos, ta ƙaddamar da shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai aikin sa kai zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta kowane irin tsuntsu da ya gani ko ya ji kukansa, bi da bi, sa'an nan ya aika ta wayar hannu da manhajar BirdLasser, wadda ke ɗaukar wuri da rana. Masana su tace, su haɗa da na sauran jama'a. Ba sabon abu ba ne a duniya, don a Amurka tun 1900 ake ƙirgar tsuntsaye lokacin Kirsimeti.

Kudancin Kaduna na da babban rabo a wannan aiki. Dazuzzukan Kagoro da Nindam, waɗanda ba su da nisa da Kafanchan, suna cikin muhimman matsugunan tsuntsaye da ƙungiyar BirdLife ta amince da su, saboda akwai tsuntsayen kurmi irin na kudu waɗanda da wuya a gan su a arewa haka. Sare itatuwa da faɗaɗa gonaki suna cin dajin, kuma ba a iya gane abin da ya ɓace sai da rubutaccen lissafin abin da ke akwai a da.

Manomin Kagoma ya san lokacin da shamuwa ke sauka gabanin damina. Mahauci kuma ya san rabonsa da ganin ungulu a bakin mayanka, tsuntsun da a da ba a ko kula shi, amma cikin 2015 aka sa shi a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa a duniya. Abin da shirin ke nema daga gare su shi ne sunan tsuntsu, da wurin da aka gan shi, da kwanan wata.