Abin da ya sa magoya baya suka gaji da kocin da ya ci musu kofi: Calipari da jami'ar Kentaki

Jama'a, duk mai zama a gidan kallon ƙwallo a Agege ko Sabon Ibadan ya san abin da ake yi wa koci idan ƙungiya ta fara shan kashi. Wasa uku kawai, sai ka ji ana ta "a kore shi". To a Amurka akwai inda wannan zafin yake kai wa haka ko ma ya fi, wato ƙwallon kwando ta jami'o'i. Ɗalibai ne suke bugawa, amma albashin kocinsu yakan kai na wasu masu horar da ƙungiyoyin Firimiya. Zan yi bayanin yadda abin yake da misalin mutum ɗaya, John Calipari, wanda ya riƙe ƙungiyar jami'ar Kentaki daga 2009 zuwa 2024.

Da farko sai a san wace ce Kentaki. Jiha ce da ba ta da ƙungiya ko ɗaya a gasar ƙwararru ta NBA, don haka ƙungiyar jami'ar ita ce abin alfaharin mafi yawan mutanen jihar. Ta ɗauki kofin ƙasa sau 8, jami'ar UCLA kaɗai ce ta fi ta, da 11. Filin wasanta, Rupp Arena a birnin Lexington, yana cin mutum sama da 20,000. A wurin waɗannan mutane, shekarar da ba a kai kusa da kofi ba asara ce.

Na biyu, yadda ake cin kofin. Ana fara kaka a Nuwamba, kowace jami'a ta buga wasa wajen 30. Amma ba a tara maki a ba wanda ya fi yawa kofi kamar a Ingila. A watan Maris ake shiga babbar gasa, wadda a kusan duk shekarun da nake magana jami'o'i 68 suke bugawa, kuma sili ɗaya ƙwale ce. Minti 40 ne wasan. Ka yi barci a dare ɗaya, aikin wata biyar ya tafi. Shi ya sa suke kiranta haukan Maris.

Shi kuwa Calipari yana da tasa dabarar. Tun 2006 dokar NBA ta hana ɗaukar yaro kai tsaye daga sakandare, sai ya kai shekara 19 kuma ya yi shekara ɗaya da gamawa. Sai Calipari ya riƙa kwaso yaran da suka fi kowa iyawa a ƙasar, su buga masa shekara ɗaya, su wuce NBA su kama kuɗi. A 2010 yaransa biyar aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen NBA, John Wall ne ma na ɗaya. A 2012, da Anthony Davis, ya ci wasa 38 ya faɗi 2 ya ɗauko kofi. A 2015 ya ci 38 a jere kafin Wisconsin ta cire shi a wasan kusa da na ƙarshe. Bam Adebayo, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ta hannunsa ya bi. A 2019 jami'ar ta ba shi kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 86.

Ni da na taso a cikin harkar shanu, ga yadda nake ganin abin. Akwai mai sayen ɗan bijimi mai kyau, ya turke shi ya ba shi dusa da harawa na 'yan watanni, ya kai kara ya sayar da riba. Akwai kuma makiyayi mai tara garke shekara da shekaru. Duka sana'a ce. Calipari mai turka ne, kuma babu wanda ya kai shi iyawa. Su kuwa mutanen Kentaki, muddin ana cin kofi ba ruwansu. Da kofi ya daina zuwa sai suka fara tambaya: mu me muke samu idan kowace shekara an sayar da na turken an sake sabo?

Kakar 2020 zuwa 2021 ce ta fasa ƙwan. Korona ta hana atisaye yadda aka saba, kuma ƙungiyar da kusan duk sababbin yara ne ita ta fi kowa buƙatar lokacin sabawa da juna. A wasa bakwai na farko ɗaya suka ci. Suka gama da nasara 9, faɗuwa 16, ko gasar Maris ba su shiga ba. Rabon da Kentaki ta faɗi wasanni fiye da waɗanda ta ci a kaka ɗaya tun 1989. Daga nan gidajen rediyon wasanni da shafukan sada zumunta suka ɗau zafi.

A 2021 kuma dokoki suka canja. Aka ba ɗalibi damar komawa wata jami'a ya fara bugawa nan take, ba sai ya zauna shekara ɗaya ba. Aka kuma halatta masa samun kuɗi da sunansa, ta hanyar talla da makamantansu. Ga ƙarin shekara da aka ba 'yan wasa saboda korona. Sakamakon haka wasu jami'o'i suka cika ƙungiyoyinsu da ƙarti 'yan shekara 22 zuwa 24, su kuma yaran Kentaki da yawa 18 ne ko 19.

A Maris 2022 Kentaki ta dawo da ƙarfi, tana da Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekarar. Sai wata 'yar ƙaramar makaranta, Saint Peter's, ta fitar da su a wasan farko, 85 da 79, bayan ƙarin lokaci. A 2023 suka tsaya a zagaye na biyu. A 2024 kuma Oakland ta jihar Michigan ta cire su a wasan farko, 80 da 76. Wani ɗan shekara 24 mai suna Jack Gohlke ya jefa musu ƙwallo mai maki uku har 10. Bayan wata uku aka ɗauki biyu daga cikin yaran Calipari na wannan daren a cikin goman farko na zaɓen NBA. Kun ga inda matsalar take: a ma'auninsa ya yi nasara, a ma'aunin magoya baya ya kunyata su.

To me ya hana a kore shi? Kuɗi. Da jami'ar ta sallame shi a lokacin, sai ta biya shi wajen dala miliyan 33. Kwantiragin da aka yi don kada wani ya ƙwace shi, ita ce ta zama igiya a wuyan kowa. Shugaban sashen wasanni na jami'ar, Mitch Barnhart, ya fito ya ce kocin zai ci gaba. Amma zaman ya riga ya yi tsami. A Afrilu 2024 Calipari ya tafi da ƙafarsa zuwa jami'ar Arkansas, inda abokinsa John Tyson, na kamfanin nama da kaji Tyson Foods, yake cikin manyan masu zuba kuɗi. Kentaki ba ta biya shi kuɗin sallama ba. Ta ɗauko tsohon ɗan wasanta Mark Pope, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci kofin 1996.

A Fabrairun 2025 Calipari ya dawo Rupp Arena da sabuwar ƙungiyarsa. Da yawa suka yi masa ihu, shi kuma ya doke su 89 da 79. A Maris ɗin shekarar, duka ƙungiyoyin biyu a zagayen 'yan 16 suka tsaya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da yaran suke shiga. Koci ne yake kawo ɗalibi, shi ya yi masa alkawarin lokacin wasa. Da Calipari ya tafi, babu ko ɗaya daga cikin 'yan wasan da suke kan tallafin karatu da ya zauna. Wasu suka bi shi, wasu suka tafi NBA, wasu suka nemi wata makaranta. A cikinsu akwai Ugonna Onyenso, ɗan Owerri, wanda ya koma jami'ar Kansas State. Don haka duk wanda ƙanensa ko ɗansa yake mafarkin zuwa Amurka ta hanyar ƙwallon kwando, kada ya tsaya kallon sunan makaranta kawai. Ya bincika ko kujerar kocin tana rawa, domin shi kocin in ya tashi da miliyoyinsa zai tashi, yaro kuwa sai ya sake neman wurin zama.

Allah Ya sa mu dace.