Kafin a sauke giyabos, a fara duba wayar giya

Duk mai tuƙa mota mai kuloci a Minna ya san wahalar da hannunsa na dama ke sha. Daga Chanchaga zuwa Bosso, a ratsa Tunga da shataletalen Mobil, ko a faɗa cunkoson Kpakungu da yamma lokacin da manyan motocin hanyar Bida suka cakuɗe da Keke Napep, hannu ba ya barin sandar giya: lamba ɗaya, lamba biyu, a taka birki, a koma ɗaya. Ranar da sandar ta fara gardama, ko ta saki tana lilo ba ta kama komai, hankalin mai mota yakan tashi, domin ya san abin da zai fara ji a gareji: "Alhaji, giyabos ne, sai an sauke." Sauke giyabos kuwa kuɗi ne masu kauri, ga kwanakin da mota za ta share a kan jak.

Sau da yawa giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya mutu waya ce, ko wata 'yar roba a bakin wayar da ba ta kai girman goro ba. Wani lokacin ma babu abin da ya mutu, saiti ne kawai ya goce.

Manyan makanikanmu da yawa sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. A wannan mota injin yana miƙe daga gaba zuwa baya, giyabos na manne da shi kusa da direba, kuma sandunan ƙarfe ne ke kai saƙo daga hannu zuwa giya. Motocin da suka cika titunanmu yau ba haka suke ba. A Golf 4 da Corolla da Accord masu kuloci, injin yana kwance ne a gicciye, giyabos na gefensa a ƙarƙashin bonet, nesa da hannun direba, ga bututun salansa da ƙarfen sitiyari a tsakani. Waya tana iya lanƙwasa ta kewaye waɗannan duka, kuma ba ta ɗauko girgizar injin ta kawo wa hannu kamar yadda sandar ƙarfe ke yi. Dabarar tsohuwa ce. A 1896 wani mai suna Ernest Bowden ya yi wa irinta rajista a Birtaniya, aka yi amfani da ita a birkin keke, kuma ita ce dai ke jan kulocin babur har gobe. Sai dai ta babur ja kawai take yi, ta giya kuwa tana ja tana turawa, shi ya sa cikinta ya fi kauri da tauri.

Wayoyin biyu ne, kowace da aikinta. Ɗaya tana amsa motsin sanda zuwa hagu da dama, ita ke zaɓar layi: na ɗaya da biyu, ko na uku da huɗu, ko na biyar da ribas. Ɗayar tana amsa motsin gaba da baya, ita ke tura giyar ta shiga. Kowace waya tana da ƙarfe a ciki mai zamewa, da rigar da ta lulluɓe shi. Rigar nan dole ta zauna daram a maƙallanta biyu, ɗaya ƙarƙashin sanda, ɗaya a jikin giyabos. Kilif ɗaya ya fita, rigar ta fara tafiya tare da ƙarfen ciki, to duk ƙarfin da direba ya sa a banza ya tafi.

Wanda ya riƙe wannan zai iya gane ciwon motarsa tun a ƙofar gida. A kashe injin, a taka kuloci, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Idan suna shiga sumul a kashe amma suna ƙi ko suna kuka da zarar an tayar, a bar waya ta huta, maganar kuloci ce. Idan giya ɗaya tak ke ƙara lokacin da ake tafiya, mai yiwuwa laifin yana cikin giyabos da gaske. Amma idan sanda tana yawo hagu da dama ba tare da nauyi ba, mota ta maƙale a uku da huɗu kaɗai, wayar zaɓen layi ce ta fita ko ta tsinke. Idan kuma giyoyin da ake tura sanda gaba suna shiga, waɗanda ake jawo ta baya suna tsayawa rabi, ko akasin haka, a tuhumi ɗaya wayar ko saitinta. Gwajin da ke raba gardama shi ne a buɗe bonet, a cire kawunan wayoyin daga hannun giyabos, a motsa hannun da kansa. Idan kowace giya ta faɗa gurbinta da ƙarar "ƙas" mai daɗi, babu dalilin kwance ko da ƙusa ɗaya a jikin giyabos. Duk makaniken kirki zai yi wannan gwaji a gaban mai mota ba tare da ɓacin rai ba, kuma ina ganin haƙƙin mai mota ne ya nema.

Yanayinmu ba ya tausaya wa roba. Zafin Maris da Afrilu a Minna yana gasa ta, ga zafin injin a kai. Ƙurar hunturu tana shiga ta inda 'yar rigar bakin waya ta yage, damina ta biyo da ruwa, tsatsa ta kama ƙarfen ciki. Masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi cikin injin su ma suna taimaka wa lalacewar ba da saninsu ba. Idan ka ciro kan wayar da ta sha shekaru za ka ga robar tsakiyarta ta canza launi, ta tsattsage, ka matsa da yatsa ta marmashe, ramin da ya kamata ya riƙe fin gam ya zama wawakeke. Wannan ba matsalar tsofaffin motocin tokumbo kaɗai ba ce. A watan Yuni na 2022 kamfanin Ford ya kira motoci kusan miliyan 2.9 a Amurka, har da Escape da Edge da Fusion, saboda robar bakin wayar giya tana iya lalacewa ko ta fita, kuma zafi da laima suna cikin abubuwan da aka ambata. Motocin nan otomatik ne, masu waya ɗaya, kuma haɗarinsu ya fi: direba ya kai sanda kan P ya fita, giyar ba ta bi ba, mota ta gangara. Irin waɗannan motoci suna nan a garinmu, ga unguwanni masu tudu da gangara. Mai otomatik ya saba wa kansa jan hambirki duk inda ya tsaya.

Inda wayar giya ta fi shan aiki shi ne a motocin tsere masu kujera biyu. Ba su da yawa a Minna, amma su ne suka fi nuna yadda abin yake. A Porsche Boxster, wadda ta fito a 1996, da ƙanwarta Cayman, da Toyota MR2, injin yana bayan kujerun direba ne. A Boxster giyabos ɗin yana can bayan injin ma, kusa da wutsiya. Saboda haka wayoyin sukan taso daga tsakiyar mota, su bi ƙarƙashin kafet, su huda bango, su ratsa ɗakin injin da zafinsa kafin su isa. Tsawo ya ƙaru, lanƙwasa ta ƙaru, kuma ɗan sakin da ba za a ji shi a Corolla ba a nan sai ya bayyana a tafin hannu. Masu irin waɗannan motoci a Turai da Amurka da yawa da kansu suke canza wayoyin a gida, domin aikin haƙuri yake so fiye da kayan aiki masu tsada.

Mai Golf ma zai iya, idan yana da sifana, fulaya, sukudireba da natsuwa. Amma wajen saye ake fara faɗuwa. Ko a Minna za a nema, ko a aika Zuba, Panteka ta Kaduna, Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, a tafi da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, in da hali a haɗa da tsohuwar wayar a auna tsawo da kawuna. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocinmu masu sitiyari a hagu ne, don haka kayan da aka ciro daga motar Ingila ko Japan ba lalle su yi daidai ba ko da sunan motar ɗaya ne. Wayar Beljiyam kuma a gwada ta da hannu: ƙarfen ciki ya zame ba tare da cije-cije ba, rigar ba ƙuna ba karaya. Na fi son a canza biyun tare, tun da tare suka tsufa.

Ranar aiki a sami ƙasa mai daidai, a toshe tayoyi, a cire kan batir, a bar salansa ta huce. Idan sai an shiga ƙarƙashi, kada rai ya dogara da jak shi kaɗai ko bulon siminti da ke iya farfashewa. A sa ƙafafun ƙarfe, ko a roƙi ramin gareji. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoto da wayar hannu, ciki da waje, a sa wa waya ɗaya alama da tef domin kada a musanya su. Sai a cire murfin da ke kewaye da sanda, a ɓalle kawuna, a zare kilif-kilif. Dabara mai rage wahala ita ce a ɗaura igiya a bakin tsohuwar wayar kafin a ja ta. Idan ta fita, igiyar ta zauna a hanyarta, da ita za a jawo sabuwar. Sabuwar ta bi ainihin inda tsohuwar ta bi, kada ta karye a kwana, kada ta jingina da salansa. Robar da ke toshe ramin bango ta koma mazauninta, in ba haka ba hayaƙi da ƙura da ruwa za su sami ƙofa. Kada a ɗura giris ko baƙin mai a cikin rigar. Cikinta yana da shimfiɗa mai santsi tun daga kamfani, mai kuwa ƙura yake tarawa.

Sannan a zo kan saiti, wanda shi ne ake yawan tsallakewa. Manufarsa ɗaya ce a kowace mota: sanda ta tsaya a wuri sananne, giyabos ya tsaya a wurin da ya yi daidai da shi, sannan a kulle tsawon waya a tsakaninsu. A yawancin Golf 4 masu giya biyar kamfani ya tanadi hanya. Kan kowace waya yana da zobe mai sifirin. A ja shi a murɗa, wayar ta saki. A jikin giyabos akwai ɗan fin na kullewa: a sa giya a firi, a danna hannun giyabos ƙasa zuwa layin ɗaya da biyu, a tura fin ɗin ya riƙe shi. A cikin mota a kwantar da sanda hagu har wasu ramuka biyu su haɗu, a zura ƙarfe mai kaurin milimita 5. Yanzu kowane ɓangare yana inda ya kamata. A saki zobban su kama, a cire ƙarfen, a mayar da fin. Wanda ya manta da fin ɗin ya finciki sanda zai lanƙwasa shi. A Boxster kuma daidaitawar tana can ƙarƙashin sanda, shi ya sa masu aikin kan yi wa zaren tsohuwar wayar alama kafin su kwance, su sami inda za su fara. Kowace mota da tata hanyar, kuma littafin gyaranta ne ke da maganar ƙarshe.

Abin da nake roƙo a daina shi ne ɗaurin jeka-na-yi-ka ya zama gyara. Kan waya ya fita a hanyar Suleja, wajen Paiko ko Lambata, a ɗaure shi da wayar ƙarfe ko robar tayar keke don a kai gida, wannan babu laifi. Laifin shi ne a ci gaba da lodin fasinja da shi wata da watanni. Giyar da ke shiga rabi tana cin haƙoran ciki a hankali, tana iya fita a tsakiyar wuce tirela, kuma a ƙarshe giyabos ɗin da a da ba shi da laifi sai an sauke shi da gaske.

Bayan an gama, a gwada giyoyin duka da injin a kashe, har da ribas, kafin a mayar da murfi. Sanda ta riƙa komawa tsakiya da kanta, daidai layin uku da huɗu. Sai a tayar, a zaga unguwa a hankali, a taka totur a saki a kowace giya. Idan har yanzu wata giya tana fita, ko sanda tana tsalle a hannu, a buɗe bonet a duba robobin da injin ke zaune a kansu. Idan sun mutu, injin da giyabos suna ruku'u duk lokacin da aka tashi, suna jan wayoyin, kuma sabuwar wayar ma ba za ta daɗe ba sai an canza su.