Nauyin Ƙirji da Na'urar IRM

A Magariya da Dungas, idan magidanci ya ce ƙirjinsa na yi masa nauyi, sai a ce gyambon ciki ne, a jiƙa masa kanwa ko a sayo ƙwaya a tebur. Wani lokaci kuwa laifin ba na ciki ba ne. Zuciya tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita jini, faɗinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Kitse na taruwa a bangonsu shekara da shekaru har hanya ta tsuke. Mutum yana zaune lafiya lau, amma da ya ɗaga buhun gero ko ya yi sauri don ya samu jam'i, sai ƙirji ya ɗaure, ciwon ya haura kafaɗar hagu ko muƙamuƙi. Ya huta, ya lafa.

Cikin na'urorin da ke gano wannan akwai wadda a Nijar ake kira IRM, a Najeriya MRI. Da maganaɗisu take aiki, ba ta sakin hasken da ke cutarwa irin na rediyo ko sikana. Ana kwantar da mutum cikin wani rami mai ƙara, ana ce masa ya riƙe numfashi. Sai dai hoton jijiyar kanta yana ba ta wuya, don siririya ce, zuciya kuma ba ta tsayawa. Inda ta fi ƙwarewa shi ne tsokar zuciya: a yi allurar da ke buɗe jijiyoyi, a bi da ruwan gadoliniyam, sai wurin da jini bai isa ba ya fito da duhu. Wani bincike a Leeds ta Ingila, kan mutum 752, da aka wallafa a 2012, ya nuna tana kama kusan 86 cikin 100 na masu cutar. Mai ƙarfe a jiki, musamman batirin zuciya, dole ya faɗa kafin ya shiga.

Irin wannan gwaji sai manyan birane, kuma kuɗi ne masu yawa. A ganina ba daga nan ɗan Dungas zai fara ba. Awon tansiyo da na sukari ana yin su a likitar gari, kuma hawan jini, sukari da taba suna cikin manyan masu tsuke jijiyar. Idan nauyin ƙirji ya wuce minti 15, ga zufa ga haki, a bar kanwa, a nemi mota zuwa asibiti nan take.