Tashoshin Cajin Gaggawa na Motocin Lantarki: Yadda Turai Ta Jera Su a Manyan Hanyoyi

Mai motar lantarki da ke zirga-zirga cikin gari ba shi da wata damuwa. Ya jona ta a gida da dare, gari na wayewa ta cika. Cajin gida yakan ba da kilowat 7 zuwa 11, don haka batir mai cin kilowat-awa 60 sai ya kwashe awa shida zuwa tara. Matafiyi kuwa ba zai kwana a bakin titi yana jiran batir ba, shi ya sa aka ƙirƙiro cajin gaggawa.

Wutar gida sai motar ta juya ta da kanta kafin batir ya karɓa, kuma na'urar da ke wannan aiki a cikin mota ƙarama ce. A tashar gaggawa an fito da wannan na'ura waje, an yi ta ƙatuwa, tana ɗura wuta kai tsaye cikin batir da ƙarfin kilowat 50, 150, har 350. Mota ta zamani takan tashi daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin minti 20 zuwa 30. Daga nan sai cajin ya ja baya don kada batir ya yi zafi ya lalace, kamar mai cika tulu da ke rage zuba idan ruwa ya kusa baki. Direbobin da suka saba ba sa jiran ɗari bisa ɗari, da sun kai 80 sai su kama hanya.

Tasha ɗaya ba ta tsinana komai. Abin da ke sa mutum ya yarda ya fita doguwar tafiya shi ne sanin cewa akwai wata a gaba. A 2017 kamfanonin BMW, Daimler, Ford da Volkswagen, waɗanda kishiyoyin juna ne a kasuwa, suka haɗa jari suka kafa Ionity a birnin Munich na Jamus, da niyyar kafa tashoshi kusan 400 a manyan hanyoyin Turai. Daga baya Hyundai ya shigo. A 2023 Tarayyar Turai ta mai da abin doka: kafin ƙarshen 2025 a samu tasha a kowane kilomita 60 na manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasashenta, da jimillar ƙarfi aƙalla kilowat 400, kuma a cikinta da wurin jonawa mai kilowat 150. Dokar ta kuma ce direba ya iya biya nan take ba sai ya yi rajista da kamfani ba, a kuma nuna masa farashi a fili. A ganina wannan sharaɗi na biya ya kai na tazara muhimmanci, domin a da sai mutum ya tara manhajoji da katuna iri-iri kafin ya tsallaka iyaka biyu.

Babban aikin dai ba a akwatin da ake gani yake ba, yana ga wutar da ke bayansa. Tasha mai wuraren jonawa shida, kowane kilowat 350, tana iya jan sama da megawat 2 a lokaci guda, abin da ƙaramar masana'anta ke ci. Sai an kawo mata babban layi da taransifoma tata, kuma jiran wannan haɗi yakan fi ginin tashar daɗewa. Wasu kan ajiye manyan batura a wurin, su tara wuta lokacin da babu ciniki, su saki idan motoci sun taru. Ga kuma gyara: tashar da direba ya iso ya tarar a mace ta fi babu muni, don ya riga ya ƙarar da cajinsa yana dogaro da ita.

A Najeriya, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar gwaji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. Mataki ne mai kyau, amma duk mai tunanin jera tashoshi daga Kano zuwa Abuja, da maganar wuta ya kamata ya fara.

Sai batun bakin jonawa, wanda ba iri ɗaya ba ne a duniya. Turai na amfani da CCS, China na da GB/T, tsofaffin motocin Japan irin su Nissan Leaf kuma CHAdeMO. Idan za ku sayi motar lantarki da aka shigo da ita, ku tambayi wane baki gare ta, ku kuma tabbatar akwai caja mai irinsa a inda kuke, kafin ku biya kuɗi.