Sararin Samaniya: Halin Itace ko Halin Ruwa?

Duk mai faskare ya san cewa itace yana da gaɓa. Idan gatari ya bi tsawon gungume, nan da nan sai ya tsage; idan kuwa aka sare shi a gicciye, sai an yi gumi. Ruwan tafki ba haka yake ba. In aka jefa masa tsakuwa, igiyarsa takan bazu a kewaye, ba ta fifita gabas a kan yamma. Wannan hali na rashin fifita wata fuska shi ne masana kimiyya ke kira isotirofi, kalmar da aka aro daga Girkanci.

To, shi sararin samaniya, halin itace gare shi ko na ruwa? A shekarar 1965 Arno Penzias da Robert Wilson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka ba da sanarwar wata 'yar ƙara da eriyarsu ke kamawa dare da rana, ko ina aka juya ta. Har kashin tantabaru suka share daga cikinta, amma ƙarar ba ta gushe ba. Ashe ragowar haske ce da ta taso tun sararin yana da shekaru kimanin 380,000, ta huce har ta kai kusan digiri 270 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas. Ƙarfinta ɗaya ne ta kowace fuska.

Sai dai wannan daidaito ya jefa masana cikin tsaka mai wuya. Da a ce sararin farko sumul yake ba inda ya fi wani kauri, da ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna bai sami inda zai fara tara su ba. Ke nan ba taurari, ba rana, ba ƙasa. Saboda haka hukumar NASA ta harba tauraron ɗan'adam mai suna COBE a 1989 domin ya auna hasken da kyau. A watan Afrilun 1992 George Smoot da abokan aikinsa suka bayyana cewa akwai bambancin zafi tsakanin sassan sama, amma bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100,000 ba.

Sararin samaniya dai halin ruwa gare shi, amma da 'yar gaɓa siririya. Daga wannan gaɓa ce gungun taurari suka tsiro, har da wanda ranarmu take ciki.