Sayen Akwatin Rediyo Mai Gajeren Zango: A Duba Kafin A Biya

Duk wanda ya tashi a zango, ko a Kumasi ne ko Nima ko Tamale ko Bawku, ba zai manta da zaman dattawa a ƙofar gida bayan sallar isha'i ba. An baje tabarma, akwatin rediyo yana tsakiya, an ja eriya sama, kowa ya yi tsit ana jiran London. Mu yara a lokacin aikinmu shi ne sayo batir da kuma kama bakinmu. A wannan zama ne da yawa daga cikinmu muka fara jin Hausar Kano da ta Sakkwato da ta Damagaram, muka gane cewa harshen da muke yi a cikin gida yana da jama'a masu ɗimbin yawa a bayan iyaka.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, a 'yan watannin nan mutane da dama sun tare mu da tambaya iri ɗaya. Wani ya tara 'yan kuɗinsa, wani kuma ɗansa da ke Turai ya ce ya faɗi irin rediyon da yake so a aiko masa, amma sun rasa wanda za su zaɓa. Mu ma mun taɓa ƙonewa. Mun sayi wata akwati a kasuwa mai ɗauke da sunan wani babban kamfani, sai da dare ya yi muka ji tashoshi uku suna magana a wuri guda, da muka duba da kyau ashe an canza harafi ɗaya a cikin sunan. To, don kada wani ya bi sawunmu, ga abin da muka koya.

Shin akwai sauran abin ji?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma gaskiya ɗaya ce, tashoshin sun ragu. A da GBC tana watsa shirye-shiryenta, har da na Hausa, a kan kilohaz 4915, ana kuma kama Rediyon Kaduna a kan 6090. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus da Sin suka biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, sannan RFI ta Faransa a 2007. Amma a 2015 Jamus ta rufe tasharta ta Kigali wadda ta daɗe tana ƙara wa shirye-shiryenta ƙarfi a Afirka, a watan Maris na 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru.

Duk da haka gajeren zango bai mutu ba. Wanda ya kunna akwati mai kyau da dare zai ji Larabci da Ingilishi da Faransanci da Sinanci da wasu harsunan da bai taɓa ji ba. Kuma akwai abin lura: a watan Agusta na 2023 hukumomin Nijar sun dakatar da RFI, a Disamba na 2024 suka dakatar da BBC na wata uku. Tashar FM ana iya kashe ta da umarni ɗaya, intanet kuwa sai da kuɗin data. Igiyar gajeren zango ita takan tashi sama ne, ta bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki wanda ke tsakanin kilomita 100 zuwa 400 daga ƙasa, ta dawo a nesa da dubban kilomita, ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Wannan rufi rana ce ke sarrafa shi, shi ya sa da rana ake neman tashoshi a mita 19 da 16 da 13, da dare kuma a koma mita 49 da 41 da 31. Ga lissafi mai sauƙi irin na aji: a raba 300 da megahaz, sai a sami mita, wato megahaz 15 ya kama mita 20 ke nan. Tashoshi kan canza zangonsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Mu a Ghana mun huta da wani lissafin, domin agogon GMT da tashoshi ke faɗa shi ne agogonmu, alhali 'yan'uwanmu na Nijeriya da Nijar sai sun ƙara awa ɗaya.

Abubuwa uku da ake dubawa

Na farko kaifin ji, wato iya ɗauko tasha mai rauni. Wannan kusan duk akwatunan kirki na yanzu suna da shi, kada mai kanti ya ruɗe ku da shi.

Na biyu iya rarrabewa. A gajeren zango tsakanin tasha da maƙwabciyarta sau da yawa kilohaz 5 ne kacal, don haka sai akwati tana da rariya wadda za a iya tsuke ta ko a buɗa ta. In tasha tana da ƙarfi a buɗa, murya ta fito da daɗi, in kuwa wata tana kutsowa sai a tsuke.

Na uku juriya, kuma a nan ne kuɗi ke aiki. Ƙaramar akwati in aka haɗa ta da doguwar waya, tashoshi masu ƙarfi sukan cika mata ciki, sai ka riƙa jin su a wuraren da ba nasu ba. Abin da ya same mu ke nan da waccan ta jabu.

Bayan waɗannan, a nemi mai nuna lambar zango a rubuce, da mai SSB, wanda da shi ake jin 'yan rediyon sha'awa suna hira tsakanin ƙasashe a wajen megahaz 7 da 14. Wasu akwatunan kuma suna da wata dabara da ake rubuta wa SYNC a jikinsu, wadda ke hana murya dagulewa a lokacin da tasha ke yin sama da ƙasa.

Na da da na yanzu

A shekarun 1980 da 1990 aka yi manyan akwatunan da har yau ake ba da labarinsu: Sony ICF-2010 da ta fito a 1985, da Grundig Satellit 700, da na ɗorawa a tebur irin su Drake R8 da JRC NRD-535 da Kenwood R-5000 da AOR AR7030. Duk an daina ƙera su, sai dai na hannu. Wanda aka yi wa tayin ɗaya ya tuna cewa ta haura shekara ashirin ko talatin, kayan gyaranta sun yi wuya, kuma ba kowane mai gyara ne a Kejetia ko Circle zai iya buɗe ta ya mayar daidai ba. Kada a biya sai an kunna an ji da kunne, da rana da kuma dare.

A yau kamfanonin Sin da Taiwan ne suka riƙe kasuwar akwatunan hannu. Tecsun PL-880, wadda ta fito a 2013, tana da rariya kala huɗu ga tashoshin labarai da murya mai daɗi, tana kuma aiki da batir ɗaya na caji mai lamba 18650. PL-990 ƙanwarta ce da aka ƙara wa kaya. Sangean ATS-909X2 tana da ƙwari, amma ta fi nuna kanta in an haɗa mata eriya ta waje. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai XHDATA D-808 da Tecsun PL-330. Ita PL-330 batirinta BL-5C ne, irin na tsofaffin wayoyin Nokia, wanda ba ya wuyar samu a kasuwanninmu. Manyan cikin waɗannan kuɗinsu na kaiwa dala 150 zuwa 300 kafin a sa na sufuri da kwastan, ƙananan kuwa ba su kai dala 100 ba. A can ƙoli akwai Icom IC-R8600 mai kama tun daga kilohaz 10 har gigahaz 3, kuɗinta ya haura dala 2,000. Kayan ƙwararru ne, kuma in gida cike yake da hayaniyar lantarki ba za ta fi ta dala 150 amfani ba.

Rediyon da ke cikin kwamfuta

Sabon abin da matasanmu ke tambaya a kai shi ne SDR, wato rediyon manhaja. Wata 'yar na'ura ce da ba ta fi kwalin ashana ko na sabulu girma ba, gefe ɗaya a sa eriya, ɗaya gefen a soka a kwamfuta. Ita aikinta ta mai da igiyar rediyo lambobi, sauran aikin tacewa da fito da murya manhaja ce ke yi. A kan allo za ka ga zangon gaba ɗaya, kowace tasha ta ja layi mai haske, sai ka taɓa wadda kake so. Rariya kuwa da kanka za ka ja ta yadda ta yi maka. Har ma kana iya naɗe zangon mita 31 dukkansa na tsawon awa guda, gobe ka zauna ka saurari tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Ga malami wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yana iya naɗe shirin Hausa ya kai wa yara su ji yadda ake furta kalmomin da suka fara ɓace musu.

Abin ya yaɗu ne tun 2012, da aka gano cewa wasu 'yan na'urorin kama talabijin masu araha suna iya wannan aiki. Su ne ake kira RTL-SDR, kuɗinsu bai wuce dala 30 zuwa 40 ba. Sun isa koyo, amma a gajeren zango juriyarsu kaɗan ce. Dalili kuwa shi ne suna auna igiya da mataki 256 ne kawai, alhali SDRplay ta Ingila, irin su RSP1B da RSPdx, tana aunawa da mataki 16,384. Kamar rula mai santimita kaɗai ce da wadda ke da milimita. SDRplay tana kama daga kilohaz 1 zuwa gigahaz 2, tana nuna faɗin da ya kai megahaz 10 a lokaci guda. Airspy HF+ Discovery ita faɗin da take nunawa bai kai megahaz 1 ba, amma wajen tsamo raunanniyar tasha daga gefen mai ƙarfi an yaba mata ƙwarai. Manhajojin da ake tuƙa su da su, kamar SDR# da HDSDR da SDR++, kyauta ne.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Galibi SDR da kwamfuta take aiki, kwamfuta kuwa sai da wuta, kuma cajarta ma kan zuba hayaniya a cikin rediyon. Ranar da aka ɗauke wuta, wato ranar da iska ta fi tsabta, mai akwatin batir yana jin duniya, mai SDR yana kallon batirin kwamfutarsa yana raguwa. Kuma ba abin da za a miƙa wa tsoho a kan tabarma ba ne. Wanda yake son ya ɗanɗana kafin ya saya, Jami'ar Twente ta ƙasar Holan tana da irin wannan rediyo a intanet tun 2008 wanda kowa ke iya juyawa kyauta, akwai kuma ɗaruruwan na'urorin KiwiSDR a ƙasashe daban-daban. A dai tuna cewa abin da eriyar Holan ta ji ba lalle ne a ji shi a Yendi ba.

Eriya da hayaniya

Da za a tambaye mu inda ya fi dacewa a kashe kuɗi, da mun ce a nan. Babban abokin gabar mai sauraro a yau yana cikin ɗakinsa: cajar waya mai araha, da ƙwan fitila na LED, da inbata, da na'urar cajin sola. Gwajin ba shi da wuya. A kunna rediyo da batir, a kashe wutar gidan gaba ɗaya, in ƙugin ya ɗauke to ɓarawon na gida ne, sai a riƙa kunna kaya ɗaya-ɗaya har a kama shi.

Wayar tagulla mai tsawon mita 10 zuwa 15, an ɗaure ta daga taga zuwa bishiya nesa da gini, takan fi canza akwati amfani. A gidan haya mai cunkoso inda babu fili, eriya mai siffar zobe irin MLA-30 ta fi, domin ana juya ta har ta ba hayaniya baya. Gargaɗi biyu muke yi da babbar murya: kada waya ta bi sama ko ƙarƙashin wayar lantarki ko kusa da ita, kuma da zarar hadari ya haɗu a cire ta daga jikin rediyo. Lokacin hunturu ma busasshiyar iska kan tara lantarki a doguwar waya har ta ƙona cikin akwati, saboda haka in an gama sauraro a cire, a kuma rufe akwatin da ƙyalle saboda ƙura.

Wa zai sayi me?

Dattijon da labarai kawai yake so, PL-330 ko D-808 ta ishe shi. Wanda sauraro ya zame masa sha'awa, yana rubuta tashoshin da ya kama a littafi, ya nemi PL-880 ko PL-990 ko Sangean. Matashi mai kwamfuta ya fara da RTL-SDR, in ya ga abin ya shiga ransa ya hau zuwa SDRplay ko Airspy. Dukkansu na ji ne kawai, mai son yin magana a iska sai ya nemi lasisi daga hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA. Kuma ko wacce za a saya, a ware wani abu daga cikin kuɗin don eriya da batir na biyu.

Roƙonmu na ƙarshe ga iyaye ne. In akwatin ta iso, kada a kulle ta a ɗaka. A fito da ita ƙofar gida bayan isha'i, a kira yara su zauna, a bar su su murɗa da hannunsu. Allah ya sa a yi saye a sa'a, amin.