Kyamarar da ta ga rana da ƙarfe 11 na dare

Wani kawunmu direba ne. Yana ɗauko buhunan hatsi daga Kasuwar Dawanau a ƙaramar motar ɗaukar kaya, yana rarraba wa masu shaguna a Bachirawa da Rijiyar Zaki da cikin garin Ungogo. Motar ba tasa ba ce, duk yamma sai ya kai wa mai ita balas. Da ya gaji da rigimar kan titi, sai ya yi tari ya sayi 'yar kyamarar nan da ake maƙalawa a gilashin gaban mota, mai ɗaukar duk abin da ya gitta gaban direba.

Wata ranar Talata bayan la'asar, a kan titin Katsina, wani mai adaidaita sahu ya shigo masa ba sigina, suka gogi juna. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, amma fitilar Kawu ta fashe, gefen adaidaitar ya lotse. Jama'a suka taru, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Kawu ko a jikinsa, domin yana da shaida.

Da aka zauna sulhu gaban dattawan tasha, aka kunna bidiyon. Ga adaidaita nan ta kutso kai ƙarara. Sai dai a ƙasan hoton an rubuta 23:20, wato ƙarfe 11 da minti 20 na dare, alhali ga rana nan tarwai. Nan take wani daga ɓangaren mai adaidaitar ya ce, "Ranka ya daɗe, a wace ƙasa rana ke fitowa da sha ɗayan dare? Wannan hoton an taɓa shi." Magana ta dawo sabuwa fil.

Da daddare Kawu ya zo gidanmu, ya ajiye kyamarar a kan tabarma, ya ce, "Ku 'yan boko, ku duba mini wannan abin. Ni na saye shi ya tsaya mini, shi kuma ya tashi kayar da ni."

Ina awa bakwai suka shiga?

Mun ɗauki biro da takarda. Haɗarin ya faru da ƙarfe 4:20 na yamma, wato 16:20. Kyamara ta ce 23:20. Bambancin awa bakwai ne cif, ko minti ɗaya bai ƙaru ba. Agogon da ya lalace ba ya yin kuskure mai tsafta haka. Wannan agogon lafiyarsa ƙalau, lokacin wata ƙasa yake bayarwa.

Ku tuna darasin labarin ƙasa. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa. A shekarar 1884, a wani taro a birnin Washinton na Amurka, aka amince a riƙa fara ƙirga daga layin da ya ratsa Girinwich a Ingila. Shi ne asalin GMT. Najeriya da Nijar suna gaban wannan layi da awa ɗaya, shi ya sa ake rubuta lokacinmu GMT+1. Gana tana kan GMT daidai, Saudiyya GMT+3, ƙasar Sin kuwa GMT+8. Ku cire ɗaya daga takwas, saura bakwai. A Sin aka ƙera kyamarar Kawu, kuma tun da ta baro masana'anta ba wanda ya gaya mata cewa ta iso Kano.

Agogo a sararin samaniya

Kyamarar tana da GPS, kuma da yawanmu mun ɗauka aikin GPS nuna hanya ne kawai. A haƙiƙa tushensa agogo ne. Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko na wannan tsari a 1978, aka kammala shi a 1995. Yau akwai taurari kusan 30 da ke kewaya duniya a nisan kilomita 20,200, kowanne sau biyu a rana, kuma kowanne yana ɗauke da agogon atam, wanda babu agogon da ya fi shi daidaito.

Abin da tauraron yake yi shi ne shela ba dare ba rana: ni ne wane, ga inda nake, ga lokacin da na aiko wannan saƙo. Saƙon yana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Na'urar da ke mota sai ta duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta san nisan tauraron. Idan ta ji daga taurari huɗu, ta san inda take, kuma ta gyara agogonta.

Ga lissafin da zai ba ku mamaki. Idan aka yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, haske ya riga ya ci mita 300. Wato na'ura za ta ce kana gonar maƙwabcin maƙwabcinku alhali kana taku. Hatta nazariyyar Albert Einstein tana da hannu a nan: agogon da ke can sama yana gaba da na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana. Da ba a gyara wannan ba, da kuskuren wuri zai kai kusan kilomita 10 a rana guda. Rasha ma tana da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou.

To, abin lura shi ne, tauraro lokacin duniya yake bayarwa. Bai san ko za ka karanta shi a Panisau ko a Beijin ba. Mai na'ura ne zai faɗa mata awa nawa za ta ƙara.

Yadda muka saita ta

Washegari da safe muka fitar da motar daga rumfar kwano zuwa fili, domin kwano da dogayen gine-gine suna tare saƙon tauraro. A nan Ungogo mun yi dace, gonakinmu shimfiɗaɗɗu ne, sama a buɗe take. Muka kunna mota, muka jira 'yan mintuna har alamar GPS ta nuna ta kama.

Daga nan muka shiga wurin saiti. A inda aka rubuta Time Zone muka sauya GMT+8 zuwa GMT+1. Akwai wani zaɓi mai suna DST, na ƙasashen da ke tura agogo gaba da awa ɗaya a lokacin zafi. Najeriya ba ta yin haka, don haka muka kashe shi. Sai tsarin kwanan wata: muka zaɓi rana, wata, shekara, domin 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuwa 4 ga Maris. Sai ma'aunin gudu: muka mayar da shi kilomita maimakon mil. Mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi, saboda haka wanda kyamararsa ta nuna 50 a mil, gudun kilomita 80 yake yi, kuma cikin gari dokar hanya 50 ta amince wa ƙaramar mota.

A ƙarshe muka ɗauki bidiyon gwaji na minti ɗaya, muka haska fuskar agogon waya a gaban kyamarar, muka kunna muka gani. Lokutan biyu sun zo ɗaya. A ƙasan hoton kuma ga lambobin wurin da muke: digiri 12 da 'yan kai arewa, digiri 8 da rabi gabas.

Mun ƙara wa Kawu shawara biyu. Ta farko, irin wannan kyamara idan memori ya cika, sabon hoto take ɗorawa a kan tsoho, don haka da zarar wani abu ya faru a danna maɓallin kullewa ko a zare memorin. Ta biyu, a riƙa duba kwanan wata lokaci-lokaci. A watannin Maris da Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka, kuma ɗan batirin da ke riƙe wa kyamara lokaci kan mutu, sai ta koma kwanan watan masana'anta. Kuma duk wannan saiti a tsaye ake yin sa, ba ana tuƙi ba.

Me ya sa abin ya shafe ku?

Wani zai ce, ni da ko keke ban mallaka ba? Ai a yawancin gidajenmu ɗan sakandare ake miƙa wa waya ko na'ura a ce ya duba. Amana ce. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi shaidar da na'ura ta samar, amma sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. Agogon da ya kauce da awa bakwai ƙofa ce aka buɗe wa lauyan ɗaya ɓangaren.

Irin waɗannan kyamarori sun taɓa yi wa kimiyya ma hidima. A ranar 15 ga Fabrairun 2013 wani dutse daga sararin samaniya ya fashe a saman birnin Celiyabinsk na Rasha, mutane kusan 1,500 suka ji rauni, galibi daga fasassun gilasan tagogi. Da bidiyon kyamarorin direbobi masana suka taimaka wa kansu wajen gano hanyar da dutsen ya biyo.

Sai dai kyamara ba ta san ubangida ba. Idan direban ne ya yi gudun wuce sa'a, ita za ta fara tona shi. Kuma kada ku yi gaggawar ɗora bidiyon haɗari a Facebook ko TikTok: akwai mutuncin waɗanda abin ya shafa, kuma lambobin da ke ƙasan hoton na iya nuna wa kowa ƙofar gidanku.

Ga aikin gida

Agogon Najeriya yana bin layin digiri 15 gabas, Ungogo kuwa tana wajen digiri 8 da rabi. Kowane digiri minti huɗu ne. Ku lissafa: da misalin ƙarfe nawa rana ke tsakiya a garinmu? Ku kafa sanda a filin makaranta, ku duba lokacin da inuwarta ta fi gajarta. Amsar kan ɗan motsa gaba ko baya da kusan rubu'in awa gwargwadon watan da ake ciki. Wannan lissafin ne kuma zai gaya muku dalilin da ya sa mutanen Maiduguri ke riga mu shan ruwa da azumi da kimanin minti 18.

Shi kuwa Kawu, a zama na biyu mun raka shi da takardar lissafinmu. Muka nuna wa dattawa kiran da ya yi wa mai motar bayan haɗarin, wayarsa ta rubuta 16:23. Bidiyon ma ya ɗauki muryarsa yana wannan kiran, a 23:23. Awa bakwai ne, ba ƙari ba ragi. Aka ba shi gaskiya, mai adaidaita ya biya kuɗin fitila, suka yi musabaha. Amma kwana biyun da motar ta yi a ajiye ba wanda ya biya shi, daga aljihunsa ya cika balas.

Yanzu kullum da asuba, kafin ya ɗau hanyar Dawanau, sai ya dubi agogon kyamara, ya dubi na wayarsa, sannan ya saka giya.